Alhaji Mamman Shata: rayuwarsa kamar yadda take cikin tarin waƙoƙinsa

Duk ranar da muka buɗe layi a filin zaɓen waƙoƙi, da wuya a rufe shirin wani bai nemi Shata ba. Tsoho ya nema, matar aure ta nema, har yaron da ba a haife shi ba lokacin da mawaƙin ya bar duniya shi ma ya nema. To kwanan baya wani matashi ya bugo daga wajen Dogon Dutsi, ya ce shi fa yana jin waƙoƙin amma bai san ko wane ne mutumin ba, bai ma san ko ɗan Nijar ne ko ɗan Najeriya ba. Wannan tambaya ita ta sa muka zauna muka rubuta wannan tarihi.

Tarin waƙoƙin da na yi aiki da shi ba wani na musamman ba ne. Irin wanda kowa ya sani ne, wanda samarin da ke zuba waƙa a katin salula suke sayarwa a kewayen shataletalen Maourey, nan tsakiyar Yamai. An zuba waƙoƙin ne birjik, ba shekara, ba tsari, wasu an yanke masu kai, wasu an ba su sunan da ba nasu ba. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin dare da yawa, sai na ga abubuwa kaɗan ne suke ta dawowa a bakinsa: alherin mutane, sana'a, hanya da garuruwa, halin da ƙasa ke ciki, zambo, Allah da mutuwa, sai kuma shi kansa. Wanda ya bi waɗannan a hankali zai tarar da rayuwar mutumin kusan dukkanta.

Daga Musawa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, Bafulatana ce. Yana da ƴar uwa mai suna Yalwa, shi ya sa za ku ji ana ce masa na Yalwa. Sunan Shata kuwa laƙabi ne da wani danginsa, Baba Salamu, ya sa masa tun yana yaro, ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci waƙa gado ce. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, kamar yadda ɗan maƙeri ke zama maƙeri. Wanda bai gada ba ya shiga, ana yi masa kallon wanda ya zubar da mutuncin gidansu, don ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, kuma bai ɓoye ba. An ɗora shi a kan talla da ƙaramin ciniki, ya sayar da goro, ya sayar da alewa. Sai dai hankalin yaron yana dandali, inda samari da ƴan mata ke taruwa da dare ana kiɗan asauwara da kalangu. Nan ya fara, ba don kuɗi ba, don nishaɗi da gasa tsakanin samari. Kafin a ankara ya fi duk na kewayen.

Wanda ya fara riƙe shi da gaske shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a Bakori, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Shata ya bi shi Bakori ya zauna, a can ya yi aurensa na farko. Daga Bakori ne ya riƙa fita yawon waƙa zuwa Katsina, Kano, Zariya da sauran garuruwa. A 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin Ƴan Sarki, inda aka aurar da ƴaƴan sarautar Kano da yawa a lokaci guda. Makaɗa sun zo daga ko'ina, amma sunan da mutane suka koma gida da shi a baki shi ne na wannan saurayi ɗan Musawa. A 1960, shekarar da Nijar da Najeriya suka samu ƴancin kai, ya koma Funtuwa da zama, kuma can ya zama gidansa kusan shekara 40.

Yadda yake waƙa

Kafin mu shiga abin da waƙoƙin ke faɗi, bari mu dubi yadda ake gina su, don nan ma akwai bambanci. Kayan kiɗansa kalangu ne, gangar nan mai baki biyu da siririn ƙugu, wadda ake ratayawa a hammata ana matsa tsirkiyarta, muryarta ta hau ko ta sauka kamar ta mutum. Asalinta a ƙasar Hausa gangar mahauta ce da ta dandalin ƴan mata. Ba ta cikin kayan fada irin su taushi, kotso, tambari ko kakaki. Wato ko a zaɓen ganga ma Shata ya tsaya ne a gefen talakawa.

Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa, ko Salihu Jankiɗi na Sakkwato, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun, suna zama da yaransu su shirya waƙa, jagora ya ɗauko ɗa, ƴan amshi su karɓe su ƙarasa masa. Shata ba haka yake ba. Ƴan amshinsa layi guda suke riƙewa daga farko har ƙarshe, sauran maganar duka tasa ce, kuma a nan take yake ƙirƙirar ta. Shi ya sa idan kuka samu waƙa guda da aka ɗauka a wuri biyu, za ku ji amshin ɗaya ne amma ƴaƴan sun bambanta. Wannan ma shi ya sa shi kansa bai iya faɗin adadin waƙoƙinsa ba. Wasu ya yi su sau ɗaya a wajen biki, ba na'urar ɗauka a wurin, sun tafi ke nan.

Alheri da masu shi

Kaso mafi yawa a cikin tarin waƙoƙin yabo ne. Akwai ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, akwai ta Umaru Ɗanduna na Gwandu, ta Garban Bichi, ta Habu Kaita Sarkin Malamai, ta Hassan Sarkin Dogarai. Mai sauraro na yau zai iya cewa ai wannan duk roƙo ne, an ba shi ya yaba. Gaskiya ne an ba shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan lissafa abin da aka ba shi a fili, riga ce, doki ne, mota ce, ya faɗi wanda ya bayar da inda aka bayar. Hausawa dai sun ce yaba kyauta tukwici.

Amma ku saurara da kyau ku ji abin da yake yabawa a jikin mutum. Da wuya ya tsaya a kan yawan dukiya kawai. Abin da yake komawa kai shi ne sakin hannu, cika alkawari, riƙon zumunci, karɓar baƙo, da rashin tsoro. Mai kuɗin da ba ya bayarwa ba shi da wuri a waƙar Shata, sai dai a ɓangaren zambo. Kun ga ke nan yabon nasa yana da sharaɗi. Yana gaya wa manya abin da jama'a ke jira daga gare su, a gaban jama'ar, kuma wanda aka yaba da kyauta yau, kunya ba za ta bar shi ya rufe ƙofa gobe ba.

Wani abin lura shi ne bai zama makaɗin sarki guda ba. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, duk inda ya je da wannan suna yake tafiya. Shata kuwa ya yi wa sarakuna da yawa waƙa amma ba wanda ya mallake shi. Wanda ya fi kusa da shi a cikinsu shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, kuma abotarsu ta wuce ta mawaƙi da ubangida, kamar yadda za mu gani a ƙarshen labarin.

Masu sana'a da mata

A cikin tarin nan, waƙar sarki na ƙarewa sai ka ji ta direba ta biyo. Bawa Direba yana da tasa, Hauwa Mai Tuwo tana da tata. Wannan shi ne abin da ya sa mutanen tasha da kasuwa suka ɗauke shi nasu. Ku tuna zamanin da ya taso: zamanin gyaɗa da auduga ne, lokacin da ake tara dalar gyaɗa a Kano, manyan motoci na ɗaukar kaya daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa. Direban babbar mota a lokacin babban mutum ne, shi ke kawo labari da kaya da baƙi. Mai tuwon tasha kuwa ita ke ciyar da duk waɗannan matafiya. Shata ya ba su irin darajar da a da sarakuna da jarumawa kaɗai ke samu a waƙa.

Dattawanmu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan zamani sarai, don mu ma gyaɗar ce ta riƙe ƙasarmu kafin farin shekarun 1970 da zuwan kuɗin yuraniyom. Hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, da ta Damagaram zuwa Kano ta Matamai da Daura, ba su taɓa mutuwa ba. Motocin da ke bin su da waƙar Shata suke tafe.

Mata ma suna da babban rabo. Akwai Indon Musawa, akwai Kilishi, akwai wasu da yawa, daga matan gidan sarauta har ƴan kasuwa masu zaman kansu. Yana yabon macen da ta tsaya da ƙafarta, mai kyauta, mai faɗa a ji. A gefe guda kuma yana da waƙar da yake kiran mata su yi aure, su bar zaman banza. Wasu ƴan uwa mata da ke saurarenmu sun taɓa cewa wannan waƙa ta ɗora laifin duka a kan mace ta bar namiji. Maganarsu abin dubawa ce. Shata ɗan zamaninsa ne, kuma abin da zamanin ya ɗauka daidai ne ya fito a bakinsa.

Hanya da garuruwa

Idan kuna son sanin taswirar ƙasar Hausa ba tare da kun shiga lakkwal ba, ku saurari Shata. Yana da al'adar jero sunayen garuruwa kamar mai ba direba kwatance: inda ya tashi, inda ya ya da zango, inda ya kwana, wanda ya tarar a can. Mutumin da bai taɓa barin ƙauyensu ba yakan haddace sunayen garuruwan da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba. Wanda kuma ke nesa da gida, ya ji an ambaci garinsu, sai ƙwalla ta cika masa ido. Ƴan uwanmu na zangon Kumasi da na Abijan ba sai an yi masu bayanin wannan ba.

Shi kansa matafiyi ne na gaske. Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune, ya je Makka, ya je Ingila, Faransa da Amurka. Muryarsa kuma ta riga shi zuwa wurare da yawa. Gidan radiyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ana kama shi a gajeren zango har cikin ƙauyukanmu, kuma kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifan garmaho. Da kaset ya zo, sai abin ya zama ba iyaka, kowa na kwafa wa ɗan uwansa. Ni kaina a akwatin radiyon kakana na fara jin sa, wanda ake ɗaure wa batir da roba, ana rataye shi a reshen bedi lokacin hutun noma.

Akwai wani abin dariya da ke faruwa da mu a nan. Idan Shata ya ce Arewa, yana nufin arewacin Najeriya, wanda mu a wurinmu kudu ne. Mu kuwa in an ce Arewa, hankalinmu na zuwa ƙasar Arawa ta Dogon Dutsi, mutanen da ake kira Mawri, waɗanda unguwar Maourey ta samo sunanta daga gare su, tana cikin tsofaffin unguwannin da Yamai ta tashi a kansu. Na sha jin tsofaffi a fada suna tsokanar juna a kan wace Arewar ce mawaƙin yake kira.

Ƙasa da zamani

Waƙar da ke jawo wannan tsokana ita ce wadda yake kiran mutanen Arewa su tashi daga barci su kama aiki. Tana cikin rukunin waƙoƙin da ba mutum guda aka yi wa ba, jama'a duka aka yi wa. A ciki yana faɗa da lalaci, yana kiran a yi noma, a nemi ilimi, a riƙe sana'a. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa sojoji da kiran haɗin kan ƙasa. A wancan lokaci yawancin mutane ba sa karanta jarida, don haka abin da gwamnati ta kasa isarwa da takarda, mawaƙi ke isar da shi da ganga.

Bai tsaya a kan abin da ke kusa da shi kaɗai ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a Yulin 1969, Shata ya yi waƙar kumbon Apollo 11. Ku yi tunanin wannan: mutumin da bai yi karatun boko ba, da gangar mahauta a bayansa, yana bayyana wa manomi labarin jirgin da ya bar duniya. A ƙauyuka da yawa ta bakinsa aka fara jin sunan kumbon, a lokacin da wasu ke rantsuwa cewa ƙarya ce, ba mai iya taka wata.

Daga baya ya shiga siyasa da ƙafarsa. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu, tsakanin 1979 da 1983, ya fara da jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, sannan ya koma NPN ta Shehu Shagari. A zamanin Babangida aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi saboda saɓani da manyan jam'iyyar. Wanda ya san halinsa ba zai yi mamaki ba. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban sarki, da wuya ya iya zaman biyayya a ɗakin taron jam'iyya.

Zambo

To, ga ɓangaren da ya sa ake tsoronsa. Harshen da ke ɗaga mutum sama shi ne kuma ke iya kayar da shi. Waƙar Gagarabadau ita ce ta fi shahara a wannan fanni, kuma har yau in aka sa ta a fada sai kun ga ana dariya ana riƙe ciki. Shata ya ƙware wajen siffanta mutum, tafiyarsa, cin abincinsa, rowarsa, ba tare da ya kama suna ba, amma duk garin ya san da wa ake. Ko a tsakiyar waƙar yabo yakan juya ya yi wa maƙiyin ubangidansa habaici, ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Mu faɗi gaskiya a nan, tunda tarihi muke bayarwa. Zambo ya yi amfani wajen ladabtar da marowaci da mai girman kai, a zamanin da talaka ba shi da wata kotun da zai kai ƙarar babba. Amma waɗanda aka yi wa suna da ƴaƴa da jikoki, kuma waƙa ba ta mutuwa kamar yadda faɗa ke mutuwa. Rigimar da ta haifi waƙar ta wuce shekaru da yawa, masu ita duk sun kwanta dama, amma zagin yana nan a cikin salular yaro. Shi ya sa mu a nan gidan ba ma yarda mai bugo waya ya ce ga sunan wanda aka yi wa waƙa kaza.

Tsakanin ruwa da tuba

Akwai waƙoƙi biyu da kusan duk wani tarin Shata ke ɗauke da su, kuma su ne suka fi jawo mana gardama. Ɗaya ita ce wadda yake magana a kan shan abin da ya kira ruwa, kowa kuma ya san ba na rijiya yake nufi ba. Ɗayar ita ce ta yabon Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda in aka sa ta za ka ga dattijo ya sunkuyar da kai. A katin da ke hannuna ma suna kusa da juna.

Wasu masu sauraro sun ce kada mu ƙara sa ta farkon, wasu sun ce in mun cire ta mun yi wa tarihi ƙarya. Abin da muka tsayar shi ne ba ma sa ta a iska, saboda yara na saurare, amma ba za mu ce babu ita ba. Shata bai taɓa nuna kansa a matsayin malami ko waliyyi ba. Ya rayu a fili, da kyakkyawansa da mummunansa. Kuma duk wanda ya bi waƙoƙinsa zai ji yadda ambaton Allah, ƙaddara da mutuwa ke ratsa su. Yana tsakiyar yabon mai rai sai ya tuno wani abokin arziki da ya rasu, ya yi masa addu'a, ya tunatar da wanda ake yabon cewa shi ma hanyar nan zai bi. Hukuncin bawa dai yana wurin Mahaliccinsa.

Bakandamiya

Sai waƙar da ya yi wa kansa. Manyan makaɗan Hausa sukan yi waƙa guda da suke zuba duk fasaharsu a ciki, ana kiran ta Bakandamiya. Narambaɗa yana da tasa, Shata ma yana da tasa. A cikinta yake kirari, yake lissafa wuraren da ya yi wasa, yake ƙalubalantar duk mai ganin zai iya ja da shi. Ba ta da tsayayyen tsawo, don duk lokacin da ya ɗauko ta sai ya ƙara mata abin da ya faru da shi tun bayan yin da ya gabata. Wato ita ce littafin tarihinsa da ya rubuta da baki.

In kun saurare ta kuna tune da yaron nan na Musawa da mahaifinsa ya hana waƙa, za ku ji ta daban. Kirarin ba na banza ba ne. Mutum ne ke gaya wa duk wanda ya raina sana'arsa cewa ga inda ta kai shi. Kuma duniya ta ba shi gaskiya tun yana raye. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na dakta a jami'ar Indiana ta Amurka a kan waƙoƙin Shata. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka koma ce masa Dakta. Sana'ar da aka kira roƙo ita ce malaman jami'a suka zauna suna nazari.

Ƙarshen tafiya

A shekarunsa na ƙarshe rashin lafiya ya kama shi. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi ya dawo. Daga baya aka kwantar da shi a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Allah ya karɓi abinsa ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, yana da shekara 76. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna shekarar, don ita ce wadda aka kashe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a watan Afrilu, Najeriya kuma ta koma mulkin farar hula a ƙarshen watan Mayu. Ba a kai shi Musawa ba, ba a kai shi Funtuwa ba. A Daura aka yi masa sutura, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar, wanda shi ma ya bi shi a 2007. Ya bar mata da ƴaƴa da jikoki masu yawa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, ga mai son ƙarin bayani.

Abin da ya rage a hannunmu

Yanzu ga damuwarmu. Shata ya yi sa'a, an rubuta tarihinsa, an yi nazarinsa. Duk da haka kun ji yadda waƙoƙinsa ke yawo a kati: an yanke, an sauya suna, wani lokaci ma a saka waƙar wani a ce tasa ce. Kaset ɗin asali suna lalacewa a cikin akwatunan tsofaffi, zafi da ƙura na cinye su, ranar da mai su ya rasu kuma a share ɗaki a zubar. In haka ta samu Shata, to ina ga namu na gida, irin su Ɗan Gurmu na Tawa, Mamman Gawo na Filinge, ko Sa'adu Bori na Maraɗi? Muna da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a nan Yamai, muna da taskar Muryar Sahel, amma abin da ke cikin gidajen mutane ba wanda ya san yawansa.

Don haka muna roƙon duk mai tsohon kaset ko faifai, na Shata ko na wani mawaƙin da ya riga mu gidan gaskiya, kada ya jefar. Ku kawo mana gidan radiyo mu kwafa mu mayar maku da abinku, ko ku ba ɗan sakon da ke zuwa kasuwar garinku. Ƴan uwa na waje, in kun zo ganin gida, ku zauna da tsofaffinku ku tambaye su su wane ne mutanen da ake ambata a waƙoƙin nan, a wane biki aka yi, wace shekara, ku ɗauki amsar a salularku ku aiko mana. Matashin Dogon Dutsi da ya yi tambaya, muna fatan ka samu amsarka.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya yafe masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.